Yadda Ake Zana Gauraka da Ungulu da Fentin Ruwa

Wanda ya girma a biranen ƙasar Hausa shekaru arba'in da suka wuce ba ya bukatar a kwatanta masa ungulu. Tana kan rufin kwata, tana bakin juji, tana kan rimin bayan gari, har ba a ɗaga kai a dube ta. Yaron yau kuwa, a yawancin biranen nan, a karin magana kawai ya san ta. Haka gauraka, wanda ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, amma ganin garkensa a fadamun Najeriya ya zama abu mai wuya ƙwarai. Tsuntsu idan ya yi ƙaranci, kamanninsa ma sukan fita daga idon jama'a, kuma wanda bai san kamannin abu ba ba zai lura da rashinsa ba, balle ya tsaya masa. A nan mai zane yake da aiki, kuma ma'aunin aikin nasa guda ɗaya ne: idan aka nuna wa mafarauci ko makiyayi ko masunci zanen, ya faɗi sunan tsuntsun tun ba a gaya masa ba. Kyawun launi da gwanintar hannu duka suna bayan wannan. Zanen da ya burge ido amma ya yi wa tsuntsu ƙarya bai taimaki tsuntsun da komai ba, kuma duk matakan da ke tafe an tsara su ne a kan wannan hujja.

Fentin ruwan da ake nufi a nan daban yake da wanda ake shafa wa bango. Garin launi ne mai laushi ƙwarai da aka kwaɓa da ƙaro, aka matse cikin ɗan tiyub ko aka busar a 'yan ƙananan gurabe, mai zane ya narkar da shi da ruwa lokacin aiki. Ƙaron na dakwara ne da danginta, wanda Sudan da Cadi da Najeriya ke kan gaba wajen fitar da shi, kuma shi ne dai almajiri ke sa wa tawada don ta kama allo. Abin da ya bambanta wannan fenti shi ne haske yana ratsa shi, ya bugi farar takarda, ya dawo wa ido. Saboda haka farin da ke cikin zane farin takardar ne da aka bari ba a taɓa ba, kuma aiki yana tafiya ne daga launi mai haske zuwa mai duhu, don duhu yana rufe haske amma haske ba ya rufe duhu. Wannan sharaɗi yana tilasta wa mai zane ya san tsuntsunsa kafin ya jiƙa buroshi. Ga kuma dacewarsa da gashin tsuntsu: inda ruwa ya malala, gefen launi yana yin laushi kamar gashin ƙirji, inda takarda ta bushe kuma yana yin kaifi kamar gashin fiffike. Kayansa duka suna shiga jaka ɗaya, ba ya wari, kuma yana bushewa cikin 'yan mintuna.

Zaɓen tsuntsu ya kamata ya biyo bayan bincike. Ƙungiyar IUCN tana da Jan Kundi inda take jera halittu gwargwadon kusancinsu da ƙarewa. A 2015 ta sa ungulun da muka sani, tare da wasu danginta uku na Afirka, a mataki mafi tsanani kafin ƙarewa a daji. Aku mai jar wutsiya ya shiga jerin masu fuskantar haɗari a 2016, a shekarar da yarjejeniyar CITES ta amince da hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Gauraka yana matakin masu rauni, kuma an ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a Afirka ta Yamma kimanin 15,000 ne. Burtu ma yana wannan mataki, ita kuwa jimina mai jan wuya, a Nijar sai a wuraren kiwo irin na Kelle ake ƙoƙarin farfaɗo da ita. Shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauki ɗaya ya zauna a kansa watanni. Wanda ya zana gauraka sau talatin ya fi wanda ya zana tsuntsaye talatin sau ɗaya-ɗaya amfani, domin sai bayan maimaici hannu yake daina zana abin da ƙwaƙwalwa take zato ya koma zana abin da ido ya gani.

Misali ɗaya ya isa ya nuna dalilin wannan tsanani. Gauraka iri biyu ne a Afirka. Namu, na yankin Sahel daga Senegal zuwa Habasha, wuyansa da jikinsa baƙi-baƙi ne, kuncinsa fari daga sama, ruwan hoda ko ja daga ƙasa, kuma fatar da ke maƙogwaronsa 'yar ƙarama ce. Na gabashi da kudancin Afirka, wanda ke kan tutar Yuganda, wuyansa toka-toka ne mai haske, kuncinsa kusan duk fari da ɗan ja daga sama, ga jar fata babba tana reto a maƙogwaro. Hotunan na Yuganda sun fi yawa a intanet, saboda haka wanda ya kwafi hoton farko da ya ci karo da shi zai iya zana baƙon tsuntsu ya rubuta masa sunan namu. Wannan ungulu da kan zabo ke nan, ko da ba da gangan aka yi ba. Littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma na Nik Borrow da Ron Demey yana warware irin wannan ruɗani, kuma ya cancanci kuɗinsa ko wahalar aronsa.

Littafi da hoto ba sa maye gurbin kallon tsuntsu mai rai. Gauraka yana nan garke-garke a gandun Zakuma na Cadi da yankin Waza na Kamaru, kuma akan same shi a gidajen namun daji. Wanda bai da halin zuwa can sai ya horar da hannunsa a kan na kusa: balbela a bayan shanu, shamuwa da damina, zalɓe a bakin tafki, ko tsuntsayen ruwa na fadamun Haɗejiya da Nguru lokacin sanyi. A zauna nesa da madubin hangen nesa da littafin zane, a ba kowane zane daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya, in tsuntsu ya motsa a bar wannan a fara wani a gefensa. Idan tsuntsu ya miƙe wuya ya daina kiwo yana kallonka, ka matso da yawa, ka ja da baya. Sheƙa kuwa ba a kusantarta sam, musamman ta ungulu wadda ƙwai ɗaya tak take sakawa. Akwai kuma doka da ba ta da sassauci: kada a sayi tsuntsu, mai rai ko matacce, ko kansa ko fiffikensa, da sunan za a zana shi. John James Audubon, wanda ya fitar da zanen tsuntsayen Amurka a shafuka 435 tsakanin 1827 da 1838, harbe su yake yi ya ɗaure da waya ya zana. A zamaninsa babu kyamarar da za ta ɗauki tsuntsu a motsi. Yau akwai, kuma duk kuɗin da aka miƙa wa mai sayar da gauraka a keji kuɗin kamo wani ne. Idan za a yi amfani da hoton wani, a nemi izininsa, kuma a haɗa hotuna da yawa don kada kuskuren hoto ɗaya ya shiga zane.

A kayan aiki, takarda ce ta fi cancantar kuɗi. A nemi ta auduga mai nauyin giram 300 a murabba'in mita, irin ta Arches ko Fabriano ko Saunders Waterford, mai ɗan kaushi ga mai farawa, mai santsi ga wanda zai bi gashi ɗaya-ɗaya. Takardar rubutu tana lanƙwashewa, tana shanye launi, kuma tana saɓulewa idan aka goge. In ta auduga ta yi tsada, a yi atisaye a kan mai araha, a yanka ta audugar gida huɗu don aikin ƙarshe. Buroshi uku masu tsini sun isa, lamba 2 da 6 da 10, kuma na gashin roba yana aiki sarai. Launi shida sun wadatar, kuma ya fi sauƙi a neme su da lambar da ke jikin tiyub, don sunaye suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani: shuɗi mai zurfi PB29, ja-ƙasa PBr7, rawaya ƙasa-ƙasa PY43, ja mai ƙarfi PR108, ruwan hoda PV19, sai rawaya mai haske guda. A guji jan da ke da lamba PR83, yana koɗewa a rana, kuma rana ba ta yi mana ƙaranci ba. Sauran su ne fensir HB, abin goge fensir mai laushi, farin faranti na tangaran don haɗa launi, tsumma, salatif na takarda don manne takarda a kan allo, da kofin ruwa biyu, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya mai tsabta.

Zanen fensir shi ne inda yawancin zanen tsuntsu ke lalacewa, tun kafin a kai ga launi. A fara da layi ɗaya mai nuna karkatar jiki, sannan siffar ƙwai don gangar jiki, ɗan da'ira don kai, a haɗa su da lanƙwasar wuya. A auna komai da tsawon kai: kai nawa ne tsawon wuya, kai nawa ne tsawon ƙafa. Gauraka a tsaye ya kai kimanin mita ɗaya, kuma bakinsa gajere ne in aka kwatanta da na zalɓe, saboda haka wanda ya tsawaita shi ya zana wani tsuntsu dabam. Gaɓar da ake gani a tsakiyar ƙafa tana lanƙwasa baya idon sawu ce, gwiwar tana ɓoye cikin gashi kusa da jiki. Ƙafar da ke ɗauke da nauyi dole ta sauka ƙarƙashin tsakiyar jiki, in ba haka ba tsuntsun zai yi kamar zai kife. Gauraka yana da dogon yatsan baya da yake kama reshe da shi, shi ya sa yake kwana a kan itace, kuma idan yana tashi wuyansa a miƙe yake, saɓanin zalɓe da ke naɗe nasa. Gashi kuwa a zana shi rukuni-rukuni: na rufin fiffike, na tsakiya, dogaye na ƙarshe, kowane rukuni yana hawa kan na ƙarƙashinsa. Layin fensir ya zama mara nauyi, don fentin ruwa ba ya ɓoye shi.

Kafin launi ya taɓa takarda, a yi wa wuraren da za su zauna fari alama. A jikin gauraka su ne babban farin fiffike, saman kunci, da ɗigon haske a cikin ido. Sannan a haɗa launi mai yawa a faranti, fiye da yadda ake zaton za a bukata, don tsayawa haɗa sabo a tsakiyar shafa yana barin tabo. Baƙin jikin gauraka ba a ɗauko shi daga baƙin tiyub, wanda yakan mutu a kan takarda. A haɗa shuɗi mai zurfi da ja-ƙasa: in shuɗin ya rinjaya a sami toka mai sanyi ta inda hasken sama ke sauka a baya, in ja-ƙasan ya rinjaya a sami mai ɗumi ta ƙasan ciki inda hasken ƙasa ke dawowa. A jiƙa wuya da gangar jiki da ruwa mai tsabta, a jira har ƙyallin ruwan ya fara raguwa, sannan a saka launi mai ruwa-ruwa da buroshi lamba 10, a karkata allon kaɗan ya malala ƙasa. Tun yana da danshi a ɗiga launi mai kauri a ƙarƙashin wuya da ciki da inda fiffike ya rufe jiki. Daga nan a ɗauke hannu. Mafi yawan ɓarna tana faruwa ne a wannan ɗan tsakani da takarda ba ta jiƙe ba kuma ba ta bushe ba: buroshi mai ruwa in ya taɓa ta, ruwan yana ture launi gefe ya bar tabo mai kama da fure. A gwada da bayan yatsa, in takarda tana da sanyi to da saura. A tuna kuma launi yana yin haske bayan ya bushe, saboda haka abin da ya yi daidai yana jiƙe zai fito da rauni.

Hawa na biyu a kan busasshiyar takarda ake yi, da buroshi lamba 6, kuma shafa ɗaya ake yi a wuce, don komawa sau biyu yana tayar da na ƙasa ya zama laka. A nan ake fitar da dogayen gashin da ke zubowa daga wuya zuwa ƙirji, ana barin launin farko yana leƙowa tsakaninsu. Farin fiffike yana bukatar inuwa, in ba haka ba zai zama rami a cikin zane: shuɗi da ɗigon ruwan hoda, a tsarma su sosai, a sa ƙarƙashin kowane rukunin gashi. Bayan farin akwai gashi ruwan zinari, sai na tsakiya ruwan makuba da ja-ƙasa zalla ke bayarwa, sai dogaye baƙaƙe. Tukkun kai shi ne abin da kowa ke ɗokin zanawa, kuma shi aka fi ɓatawa da yawan layi. A fara da shafa mai haske ta rawaya ƙasa-ƙasa a siffar mafici, a bar gefenta ya narke. In ta bushe, a matse buroshi lamba 2 a tsumma har ya kusa bushewa, a ja tsinke-tsinke daga ƙeya zuwa waje, duka daga tushe ɗaya, wasu gajeru wasu dogaye, a ɗan duhunta bakinsu. Goshi baƙi ne wuluk mai laushi, nan ne wuri mafi duhu a zanen. Kunci a jiƙa shi duka, a saka ruwan hoda daga ƙasa a bar shi ya hau da kansa ya tsaya a tsakiya. Ido shi ne ƙarshe: fari-fari mai ɗan shuɗi, baƙar ƙwaya, da ɗigon takarda da aka bari. Kan tsuntsu da idonsa su ne za a yi wa aiki filla-filla, wutsiya da ƙafa a bar su da sauƙi, don ido ma haka yake ganin tsuntsu a daji.

Littattafan koyon wannan fenti yawanci an rubuta su ne a ƙasashe masu laima, saboda haka lokutan da suke bayarwa ba sa aiki a nan. Da hunturu, shafar da aka ce za ta yi minti biyar a jiƙe tana iya bushewa kafin a kai ƙarshen wuya. Maganinsa a jiƙa takarda sau biyu, a yi aiki da sassafe a inuwa, a raba jiki kashi-kashi bisa iyakokin gashi, kuma a rufe zane idan an tashi saboda ƙura. Ruwan roba da ake shafawa don kare fari yana kama takarda da zafi, kada ya kwana biyu a kanta. Da damina kuwa haƙuri ake bukata, kuma kada a rufe akwatin fenti yana jiƙe, zai yi fumfuna.

Ungulu ta fi gauraka wuyar zanawa, kuma wahalar ba ta hannu ba ce. Gauraka kowa na sonsa, har son ne ma ya jawo masa kamu don a ajiye shi a gidajen masu hali. Ungulu kuwa mai zane yakan faɗa ɗaya daga ramuka biyu: ko ya ƙara mata muni don ya bi abin da mutane suka saba ɗauka, ko ya yi mata kwalliya har ta koma mikiya. Duka biyun ƙarya ne. Tsuntsuwa ce matsakaiciya, tsawonta bai wuce santimita 70 da 'yan kai ba, fikafikanta a buɗe sun haura mita ɗaya da rabi, jikinta ruwan ƙasa mai duhu, bakinta siriri ne dogo mai ɗan ƙugiya. Fuskarta ba gashi, ruwan hoda ce mai haske da kan yi ja idan ta harzuƙa, kuma daga ƙeya zuwa bayan wuya akwai gashi gajere mai laushi, fari-fari a babba, ruwan ƙasa a ƙarama. Launin jiki ja-ƙasa ne da shuɗi kaɗan, hawa uku, ana barin bakin kowane babban gashi da ɗan haske. Fuska a yi ta da ruwan hoda da aka tsarma, da ɗan shuɗi kewayen ido, a ja 'yan layukan tamoji kaɗan bayan ta bushe. Yanayin da aka zaɓa mata shi ne rabin saƙon. Ungulu tana shawagi da fikafikai a shimfiɗe, ko tana shanya su da hantsi, ko tana gyara gashinta, duka gaskiya ne game da ita kamar yadda tsayuwa kan mushe gaskiya ce, kuma su ne mutane suka fi mantawa.

Bayan tsuntsu kada a bar shi fari fat kullum, kada kuma a cika shi. Shafa biyu ko uku masu haske sun isa su nuna fadama, kuma wurin yana iya faɗin dalilin ƙarancin. Ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗejiya da Nguru ta ragu bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Gauraka yana sheƙa ne a ciyawar fadama da damina, saboda haka wanda ya zana shi a bakin ruwan da ya ja baya ya faɗi abu mai yawa ba tare da rubutu ba. Rubutun da za a sa ya zama gajere: sunan tsuntsu da Hausa, da boko da ajami in zai yiwu, matakinsa a Jan Kundi, da jimla ɗaya ta gaskiya. Ga ungulu, misali, wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna nau'o'i takwas na ungulayen Afirka sun ragu da kashi 62 cikin ɗari a shekaru talatin, kuma guba da cinikin sassan jikinsu don magani su ne sanadin kusan kashi 90 na mace-macen da aka lissafa. Abu ɗaya da ba a rubutawa shi ne takamaiman wurin da aka ga sheƙa, don masu kamu ma suna karatu.

Mai suka zai ce kyamarar waya ta riga ta gama wannan aiki. Gaskiya ne hoto ya fi zane zama shaida, kuma masu ƙidayar tsuntsaye, irin na cibiyar APLORI da ke Jos, hoto da rahoto suke bukata. Amma hoto yana kama tsuntsu ɗaya ne a daƙiƙa ɗaya, da inuwar da ta rufe kunci da reshen da ya tare fiffike. Mai zane yana tattara abin da ya gani sau ɗari ya fito da alamomin da ake gane tsuntsu da su, shi ya sa tun daga littafin Roger Tory Peterson na 1934 har yau manyan littattafan gane tsuntsaye da yawa suke dogara da zane. Ƙari a kan haka, zane yana canza mai yinsa, domin wanda ya yi awa uku yana ƙirga gashin fiffike ya san tsuntsun sanin da mai latsa waya bai yi ba, kuma ajin yara talatin da aka ba fensir ya zama mutum talatin da za su gane shi in sun gan shi a kasuwa.

Suka ta biyu ta fi nauyi a wurinmu, wato hukuncin suranta abu mai rai. Akwai hadisai ingantattu masu kashedi mai tsanani a kan haka, kuma ba abin wasa ba ne. Malamai sun yi saɓani a kan iyakarsu. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin ya tabbata a kan sura mai jiki da inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, irin gunki, shi kuwa zanen da ke shimfiɗe a takarda makaruhi ne ko barinsa ya fi. Wasu malamai sun hana duka, wasu sun sassauta idan don koyarwa ne. Wannan jagora ba fatawa ba ce, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Wanda ya zaɓi kaucewa bai rasa aiki ba: gashin fiffike da aka tsinta a ƙasa, sawun ƙafa a taɓo, rimi da tsohuwar sheƙa a kansa, fadamar da kacalla ta cinye, duka ana zana su da dabarun da aka bayyana a sama, kuma gashi guda da aka zana daidai yana buƙatar lura kamar tsuntsu sukutum.

Suka ta uku ita ce zane ba ya hana mai guba sa guba, kuma wannan haka yake. Sai dai akwai shaida a kan abin da zane ke iyawa idan an ɗaura shi a kan tsari. A 1934 Amurka ta wajabta wa masu harbin agwagin ruwa sayen wani kan sarki mai zanen tsuntsu a kan dala 1, yau dala 25 ne, kuma ya tara fiye da dala biliyan 1 da aka kare fadamu kusan eka miliyan 6 da su. Doka ce ta tara kuɗin, amma zanen ne ya sa waɗanda ba sa farauta suke saye, har ake gasar zana shi kowace shekara. Peter Scott na Ingila mai zanen tsuntsaye ne kafin ya kafa cibiyar kare tsuntsayen ruwa a Slimbridge a 1946, ya kuma shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare namun daji ta WWF a 1961. Darasin shi ne zane yana aiki gwargwadon inda aka kai shi. Na ungulu ya fi amfani a hannun sarkin pawa da shugabannin masu maganin gargajiya da ma'aikatan lafiyar dabbobi fiye da a falon otal, tare da bayanin abin da ya sami Indiya, inda maganin dabbobi dikilofinak ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulu kafin a hana ba dabbobi shi a 2006, mushe ya taru, karnukan sake suka yawaita. Na gauraka kuma wurinsa fadar hakimi da makarantun garuruwan fadama.

Asalin zanen ba ya jure yawo. A sa shi a firam mai gilashi da kwali tsakaninsa da gilashin, a rataye inda rana ba ta bugu, nesa da bango mai danshi. Don rabawa, a ɗauki hotonsa a inuwa da hasken safe, waya tana daidai da fuskar takarda, a buga kwafi, a rubuta a ƙasa cewa an yarda makarantu su sake bugawa kyauta. Ranar wayar da kai a kan ungulu ta duniya tana faɗowa Asabar ta farko ta watan Satumba, ta tsuntsaye masu ƙaura kuma Asabar ta biyu ta Mayu da ta Oktoba. Wanda ke son kai zanensa makaranta ya nufi ta Oktoba, lokacin yara sun dawo hutu, kuma ya nemi izinin shugaban makarantar tun makon farko na zango.